Yadda Ake Koya wa 'Yan Zari-Ruga Hango Giɓi da Kutsawa Cikinsa ta Hanyar Wasannin Atisaye

Tambayar da masu horar da 'yan ƙwallon zari-ruga suka fi maimaitawa ita ce: me ya sa yaro zai riƙa miƙa ƙwallo lafiya ƙalau a wurin atisaye, amma ranar wasa sai ya rungume ta ya afka wa mutum uku, alhali ga fili fetal a gefensa? Laifin yana ga irin atisayen. Idan aka jera yara suna gudu suna miƙa wa juna ƙwallo babu kowa a gabansu, hannu kaɗai aka koyar. Ido ba ya koyo sai da mai tsaro a gaba, wanda ba a san inda zai nufa ba. Ihun "ɗaga kanka!" daga bakin layi kuwa maƙogwaron koci kawai yake gajiyarwa. Abin da ke aiki shi ne wasa mai doka, wanda duk wanda bai duba ba zai sha kaye a cikinsa. Ga yadda ake jera irin waɗannan wasanni, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Mataki na 1: Haɗa kaya, ka auna fili

Ga 'yan wasa 14 zuwa 20 kana bukatar ƙwallo uku ko huɗu. Lamba 5 ta manya ce, lamba 4 ta yara 'yan shekara 10 zuwa 13, lamba 3 ta ƙanana. Sai alamomin fili kamar 30, usur, agogo (na waya ya isa), rigunan bambance ƙungiya kala biyu, da wasu guda uku ko huɗu masu kala na uku. Za ka ga amfanin waɗannan a mataki na 7.

A cikin kayan nan ƙwallo ce kaɗai mai cin kuɗi sosai, don ba kowane shagon kayan wasa ne ke ajiye ta ba. Sayi ta atisaye mai kaurin fata, domin busasshiyar ƙasa tana cinye ƙwallon gasa cikin 'yan makonni. Sauran duk akwai madadinsu. Gorar ruwa ta roba da aka zuba wa yashi rabi tana tsayawa a matsayin alama, toka tana ja layi, tela kuma zai yanka maka ƙyalle mai kala a ɗaura a kafaɗa.

Auna fili da ƙafa: babban taki ɗaya kusan mita ɗaya ne. Ƙa'idar faɗi ita ce mita 5 zuwa 6 ga kowane mai tsaro. Dalili kuwa, cikakken fili faɗinsa ba ya wuce mita 70. A cikin mutum 15, biyu ko uku suna can baya suna jiran bugun ƙafa, ɗaya ko biyu suna cikin rak, wato turereniyar da ake yi a kan ƙwallo bayan an kayar da mutum. Saura 10 zuwa 12 ke nan a layi, kowa da kusan mita 6. Idan ka ba su fili da ya fi haka faɗi sosai, mai gudu zai riƙa ci da gudunsa kawai, ba tare da ya duba komai ba.

Hattara: kada a yi alama da dutse ko bulo. Kafin a fara, a jera 'yan wasa su taka filin daga wannan kai zuwa wancan, su tsince fasassun kwalabe, ƙusa da ƙaya.

Mataki na 2: Ku daidaita a kan kalmomi uku

Wuri uku kawai ake samun sarari a zari-ruga: tsakanin masu tsaro biyu, can gefe bayan na ƙarshensu, ko a bayan layinsu. Ba kowanne suna gajere da za a iya faɗa ana haki: "Ciki!", "Gefe!", "Baya!". Kada su wuce uku.

Sannan ka gaya musu lokacin dubawa, domin nan ne mafi yawa suke kuskure. Ana dubawa ne sa'ad da ƙwallo take ƙasa, kafin ta zo hannu. Wanda ya jira sai ya cafke sannan ya ɗaga kai, mai tsaro ya riga ya iso. Ɗan wasa mai lamba 9, wanda yake ɗauko ƙwallo daga rak ya miƙa, kansa a sunkuye yake a kan ƙwallo, don haka na waje, lamba 13 da 15 da 'yan gefe, su ne idanunsa, kuma dole a ji muryarsu.

Abin dubawa ma uku ne. Mu nawa ne, su nawa ne a wannan ɓangaren? Ina kugun mai tsaro yake fuskanta? Wane ne yanzu ya tashi daga ƙasa, bai gama shiga layi ba? Batun kugu shi ne ya fi amfani: mutumin da kugunsa ya karkata zuwa bakin layi ba zai iya juyowa ya tare wanda ya ratsa ta bayan kafaɗarsa ta ciki ba.

Mataki na 3: Biyu da ɗaya, sannan uku da biyu

Ja fili mai faɗin mita 8 da tsawon mita 15. Masu hari biyu a kai ɗaya, mai tsaro ɗaya a ɗaya kan. Taɓawa da hannu biyu a kugu ita ce kamu. Kowane rukuni ya yi sau 6, a juya.

Mai ƙwallo ya riƙe ta da hannu biyu a gaban ƙirji, ya nufi kafaɗar mai tsaron da ta fi nisa da abokinsa, don ya janye shi daga hanyar abokin. Idan mai tsaro ya kafa ƙafa ya fuskance shi, sai ya miƙa. Idan ya zame ya bi abokin, sai ya nuna kamar zai miƙa ya wuce abinsa. Abokin ya tsaya taki biyu ko uku a baya, ya karɓa yana cikin gudu.

Umarci mai tsaro a asirce ya riƙa sauya hali: wani lokaci ya yi kan mai ƙwallo, wani lokaci ya zame, wani lokaci ya ja baya. In ba haka ba za su haddace abu ɗaya.

Kurakurai huɗu za ka gani tun a zagayen farko. Mai ƙwallo yana gudu a karkace yana cinye filin abokinsa, har mutum ɗaya ya iya tsare su biyun. Yana miƙawa tun da saura mita 6, mai tsaro ya samu lokacin zamewa. Yana maƙale ƙwallo a hammata, wanda hakan sanarwa ce cewa ba zai miƙa ba. Ko kuma abokin ya yi daidai da shi, ƙwallo ta tafi gaba, a hura usur, domin a zari-ruga ba a miƙa ƙwallo gaba. Maganin gudun karkace shi ne ka ajiye alama biyu kamar ƙofa a gabansa, sai ya ratsa ta kafin ya miƙa.

Da sun fara ci 4 cikin 6, faɗaɗa zuwa mita 12 ka mai da shi uku da biyu. Kada a wuce minti 10 a nan. Wannan share fage ne kawai.

Mataki na 4: Juyo ka ƙirga

Fili mai faɗin mita 30. Masu hari biyar su juya wa masu tsaro baya, ƙwallo tana ajiye a tsakiya. Kai koci ka jera masu tsaro huɗu da nunin hannu, ba magana: uku a dama ɗaya a hagu, ko duka huɗun a cure a tsakiya, ko a baje da giɓi ɗaya babba. Da ka hura usur su juyo, lamba 9 ya ɗauki ƙwallo cikin daƙiƙa 3, kuma dole wani ya kira ɗaya daga kalmomin nan uku kafin ta bar hannunsa. In babu kira, babu maki ko da sun ci.

Bayan zagaye 8 rage lokacin zuwa daƙiƙa 2. Daga baya ka bar masu tsaro su jera kansu yadda suke so, har su yi yaudara, su bar giɓi da gangan su rufe shi.

Hattara: a kowace ƙungiya akwai mai baki ɗaya da zai riƙa yi wa kowa kira. Hana shi magana zagaye uku, ka ga wa zai buɗe baki.

Mataki na 5: Taɓa ka koma

Idan lokaci bai ishe ka yin komai ba sai wasa ɗaya, yi wannan. Bakwai da bakwai, faɗi mita 40, tsawo mita 50. Idan aka taɓa mai ƙwallo da hannu biyu, ya kwanta ya ajiye ta wajen 'yan ƙungiyarsa, wani ya zo ya ɗauka. Masu tsaro su ja baya mita 3, wanda bai ja ba ya yi satar gida. Masu hari suna da taɓawa 6 kafin ƙwallo ta koma hannun abokan karawa.

Ga dokar da ta sa wasan ya zama abin da yake: duk wanda ya yi taɓawar sai ya ruga ya taka layin gidansu kafin ya dawo cikin tsaro. Cikin waɗannan daƙiƙu kaɗan masu hari bakwai ne, masu tsaro shida. Idan aka yi taɓawa biyu a jere da sauri, bakwai da biyar ke nan. Giɓin yana buɗewa yana rufewa, kuma ba ya bayyana wuri ɗaya sau biyu, kamar yadda yake a wasan gaske inda mai kayarwa yake ɗaukar lokaci kafin ya tashi.

Dubi yadda abin yake kasancewa. An taɓa mutum a mita 10 daga bakin layin hagu. Wanda ya taɓa shi ya juya ya ruga gida. Masu tsaro, bisa al'ada, duk sun kwarara zuwa ɓangaren da ya fi faɗi, sun bar mutum ɗaya tak a ɗan lungun hagu. Masu hari biyu suna tsaye a lungun, amma lamba 9 bai waiwaya ba, ya jefa dama inda mutum biyar suke jira. A makon farko za ka ga haka sau goma. Ranar da ɗan gefen hagu ya daka tsawa "Gefe! Hagu!" lamba 9 ya juyo da ƙwallo, ka san wasan ya fara koyarwa.

Yi minti 4, hutu minti 1 da rabi, sau huɗu. Kada ka tsawaita, domin gajiya tana sunkuyar da kai, sai su koma rungumar ƙwallo.

Akwai hanyoyin ƙara masa wuya ko sauƙi ba tare da ka ce uffan ba. In masu hari ba sa samun giɓi, sa mutum biyu su koma, wanda ya taɓa da na kusa da shi. In suna ci a kowane hari, sa mai taɓawa ya kwanta rub da ciki kawai ya tashi, ko ka rage faɗi da mita 5. Mizanin da ya dace shi ne su riƙa ci sau ɗaya cikin hari uku. Fiye da haka masu tsaro za su karaya, ƙasa da haka masu hari za su daina gwadawa.

Hattara da abu biyu. Na farko, 'yan wasan da suka fito daga ƙwallon ƙafa, kuma a wurarenmu su ne mafi yawa, suna da ido mai kyau wajen hango fili amma sukan ruga gaban ƙwallo su tsaya suna jira. Kada ka kashe musu idon, ka nuna musu cewa a nan sai an taho daga baya ake shiga filin da aka hango. Na biyu, masu tsaro za su fara taɓawar ƙarya da hannu ɗaya daga nesa. Kada ka amince, in ba haka ba giɓin gaskiya zai zama kamar babu shi, masu hari su daina yarda da abin da idonsu ya nuna musu.

Mataki na 6: Yi magana da maki

A wasan gaske ajiye ƙwallo a gidan abokan karawa maki 5 ne ko ta ina aka bi. A atisaye kai ke da ikon sauya farashi. Raba faɗin filin gida uku da alamomi. Ci ta hanyar ratsa layi ba tare da an taɓa mutum ba, maki 3. Ci bayan an sauya ɓangare daga wannan gefe zuwa wancan cikin taɓawa ɗaya, maki 2. Kowane irin ci daban, maki 1.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne a ce "sai kun miƙa sau biyar kafin ku ci", ko "sai a gefe kaɗai ake ci". Irin wannan doka tana koyar da akasin abin da ake nema. Yaro zai ga ƙofa a buɗe a gabansa ya ƙi shiga, don yana cika ƙirga. Bar kowace hanya a buɗe, ka ƙara wa wadda kake so lada. Kuma masu tsaro su ma su san farashin, domin idan suka baje don tsare gefe, tsakiya ce za ta buɗe, kuma wannan ne darasin.

Mataki na 7: Mai riga daban

Ba kullum giɓi yake zama fili babu kowa ba. Sau da yawa mutum ne yake tsaye a wurin, amma ba zai iya tare wanda ke gabansa ba, kamar a ce lamba 3 mai nauyi ya tsinci kansa gaban lamba 13. Don koyar da wannan, sa wa masu tsaro biyu riga mai kala na uku. Su ba a yarda su yi gudu ba sai sassarfa, ko kuma taɓawarsu ba ta ƙirguwa sai wani ya taya su. Aikin masu hari shi ne su nemo inda suke bayan kowace taɓawa su aika musu mai sauri.

Riƙa sauya masu rigar kowane minti 2, kuma kada ka ɗora ta kullum a kan yaron da dama shi ne mai jiki, don kada ta zama abin tsokana.

Mataki na 8: Buɗe filin baya

Sai an saba da "Ciki" da "Gefe" ake shigo da bugun ƙafa, kamar a mako na uku ko na huɗu. Tsawaita filin zuwa mita 60. Masu tsaro su zaɓa da kansu ko za su ajiye mutum ɗaya a baya, ko biyu, ko babu. Masu hari suna da damar bugu ɗaya a kowane hari, ko mai gangarawa a ƙasa ko ɗan gajere ta saman kai. In suka buga suka sake kamawa, ƙirgar taɓawa ta koma farko. In abokan karawa suka cafke tun tana sama, su samu maki 2. Wannan tarar ce ke hana bugun ganganci.

Ga manya masu wasan mutum 15, ƙara dokar 50:22, wadda ta zauna daram a dokokin wasan tun 2022: wanda ya buga daga rabin filinsu, ƙwallo ta daki ƙasa a cikin fili sannan ta fita ta bakin layi a cikin mita 22 daga layin gidan abokan karawa, ƙungiyarsa ce za ta jefo ƙwallon cikin fili. Saboda tsoron haka 'yan gefe suke ja baya, idan kuma suka ja baya layin gaba ya ragu. Don haka koya wa lamba 10, wanda yakan karɓi ƙwallo daga lamba 9, ya fara ƙirga na baya kafin na gaba. Uku a baya, a gudu da ƙwallo a hannu. Ɗaya a baya, a buga.

Mataki na 9: Shigo da kayarwa a hankali

Wanda yake ganin giɓi a wasan taɓawa zai iya makancewa ranar da ya san za a maka shi da ƙasa. Shi ya sa ake hawa matakala: taɓawa, sannan runguma a tsayar ba a kayar ba, sannan cikakkiyar kayarwa a ƙaramin fili, biyar da biyar a faɗin mita 25, minti 2 kacal a zagaye. A rak a yarda da mutum ɗaya daga kowane ɓangare, kuma kai ka riƙa ƙirgawa da ƙarfi. Ƙwallon da ta fito cikin daƙiƙa 3 tana samun tsaro bai daidaita ba. Wadda ta kai 6 ta tarar da kowa ya koma wurinsa.

Hattara: a lokacin hunturu, sa'ad da ƙasa ta bushe ta yi tauri kamar siminti, tsaya a matakin runguma sai dai in akwai ciyawa ko yashi mai laushi. Kamu ya kasance daga ƙirji zuwa ƙasa, ba wuya ba. Duk wanda kansa ya bugu ya nuna jiri, ciwon kai ko ruɗewa, ya fita nan take, ba ya komawa ranar, kuma sai likita ya duba shi. Kada a haɗa yaro ɗan shekara 13 da ƙato ɗan 18 a wasan kayarwa.

Mataki na 10: Tsayarwa, tambaya da ƙirga

Kada ka tsayar da wasa fiye da sau ɗaya a zagaye, kuma kada tsayawar ta wuce daƙiƙa 30. Hura usur ka ce kowa ya daskare inda yake, sannan ka tambaya maimakon ka faɗa:

"Kai lamba 10, kafin ƙwallo ta zo maka, mutum nawa ka gani a dama?"

"Koci, ban duba ba."

"To duba yanzu. Nawa ne?"

"Biyu. Mu huɗu ne."

"Wa ya kamata ya gaya maka?"

Daga nan sai a mayar da ƙwallo inda take a ci gaba. Raba kuskuren ido da kuskuren hannu. Wanda ya hango giɓi daidai ya miƙa ƙwallo ta faɗi, yaba masa a gaban kowa, a gyara hannun daga baya. In ka yi masa faɗa, gobe ba zai sake miƙawa ba.

Don sanin ko ana ci gaba, ba ɗan wasan da ke jinya takarda da biro ya riƙa yin zane biyu: sau nawa masu hari suka fi yawa a wani ɓangare, sau nawa ƙwallo ta je can. Idan akwai wuri mai tudu ko bene kusa da fili, a ɗauki bidiyo da waya daga bayan masu hari, ba daga gefe ba, domin daga baya ne ake ganin giɓi yadda ɗan wasa yake ganinsa.

Atisayen minti 75 zai iya tafiya haka: minti 10 ɗumama jiki da ƙwallo a hannu, 10 na biyu da ɗaya, 10 na juyo ka ƙirga, 22 na taɓa ka koma, 15 na wasa ɗaya daga mataki na 6, 7, 8 ko 9, sauran minti 8 na shan ruwa ne a rarrabe. A watannin zafi, Maris zuwa Mayu, a fara bayan la'asar ko da sassafe, a sha ruwa kowane minti 15, a rage zagayen taɓa ka koma daga huɗu zuwa uku. Minti 5 na ƙarshen wasan ƙarshe ka cire duk dokokin da ka ƙara, ka sa usur a aljihu, ka koma bayan masu tsaro ka tsaya kana kallon idanun masu hari yayin da ƙwallo take ƙasa.